Ranar da Illo Bai Ja Jirgin Ɗan Azumi Ba

Shekara da shekaru, idan ka sauka bakin tafkin Madarumfa da sassafe, kafin ka ga mutum za ka fara jin guduma. Bugun ba shi da ƙarfi kuma ba ya gaggawa, ƙanana ne a jere, a tsaya, a ci gaba. Illo ne a gindin tsamiyar da ke kusa da inda ake ɗaure jirage, ya kife jirgin wani yana bin haɗin katako da yatsa. Daga masallaci yake zarcewa can da buhunsa a kafaɗa. A cikin buhun akwai guduma, da wani ƙarfe mai faɗin baki da ya dakushe da gangan don kada ya ci katako, da ƙusoshi a gwangwanin madara, da gwangwanayen tumatir da ya farke ya miƙar, da tsumma mai yawa. Tukunyar kwalta kuwa a gindin tsamiyar take kwana, don babu ɓarawon da zai wahalar da kansa a kanta.

Ba ya karyawa sai ya zaga jiragen da ke bakin ruwa duka, har waɗanda ba a ce ya duba ba. Ya ƙwanƙwasa nan, ya kara kunne, ya wuce. Idan ya tsaya a kan jirginka ya sake ƙwanƙwasawa, to ranar ba ka da sakat sai ka kife masa shi. Mutane suna cewa Illo ba shi da surutu. Gaskiya ne, amma ni ban ɗauki abin wani halin waliyyai ba. Mutumin da kullum bakinsa cike yake da ƙusoshi, da me zai yi surutun?

Ni 'yar mai banda ce. Murhun da mahaifiyata take bandar kifi yana jingine da na Hasiya, matar Illo, saboda haka a hayaƙi ɗaya na girma da 'ya'yansu, kuma Baba Illo nake ce masa har yau. Bana ya ajiye guduma. Kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa, likita ya ce ya huta, ya miƙa buhun ga wani da ya koyi aikin a hannunsa. Babu wanda ya tara mutane, babu wanda ya ce uffan. Abin ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. A garin nan wanda ya sayi sabuwar mota ana cika ƙofar gidansa da addu'a, amma mutumin da ya sa iyayenmu da mazajenmu suke dawowa daga ruwa lafiya ya tashi daga aiki shiru, kamar bai taɓa yi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Jirgin katako da ruwa yake rayuwa. Muddin yana cikin ruwa katakonsa a kumbure yake, haɗin ya matse, ko ɗigo ba ya shiga. Idan aka fitar da shi ya daɗe a tudu, katakon ya bushe ya tsuke, sai haɗin ya buɗe baki. Don haka duk jirgin da ya yi hutu a waje, sai an nutsar da shi a bakin gaɓa, an ɗora masa duwatsu, ya sha ruwa ya ƙoshi kafin mutum ya hau. Inda haɗin ya ƙi matsewa, nan Illo yake tura tsumma da ƙarfen nan nasa, ya bi da kwalta mai zafi, ya rufe da gwangwani. Tsumman kuma sai na auduga zalla, don shi ne yake shan ruwa ya kumbura ya toshe kafa. Yadin roba ba ya sha. Saboda tsumman nan babu gidan da Illo bai yi sallama ba yana neman tsohon zane. Mata suna yi masa dariya suna ce masa mijin tsumma, shi kuwa ya murza zanen a yatsa, in bai yi masa ba ya mayar wa mai shi ko a jikinsa.

Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa wanke shi tas a bainar jama'a. Ranar kasuwa ce, ita da wasu mata sun cika jirgi da kwandunan banda za su tsallaka, Illo ya zo ya riƙe bakin jirgin ya ce kowa ya sauka. Mai jirgin ya rantse lafiyarsa ƙalau, matan suka yi ca a kan Illo, ga kasuwa tana wucewa. Bai saki ba. Da aka gaji aka sauke kaya aka kife jirgin, ya danna babban yatsa a katakon ƙasa, yatsan ya shige kamar a tuwo. Mahaifiyata ba ta ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Washegari dai ta aika masa da tsofaffin zannuwanta na auduga gaba ɗaya.

Irin wannan labari kowane gida a bakin tafki yana da nasa. Amma abin da ya sa na fi ganin girmansa shi ne abin da ya yi wa Ɗan Azumi.

Ɗan Azumi masunci ne, abokinsa tun suna yara, ya girme shi kaɗan. Mutum ne mai taurin kai da kaifin baki, irin tsofaffin nan da in ka ce su zauna sai su miƙe. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman abinci, babbansu Yahaya direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a Ɗan Issa. Wata shekara jiri ya ɗebi Ɗan Azumi a bakin ruwa ya faɗi, aka auna shi aka ce jininsa ya hau. Yahaya ya zo da niyyar tafiya da shi Ɗan Issa, ya riga ya gyara masa ɗaki. Tsoho ya ce babu inda za shi. Aka yi ta ja har aka kai maganar gaban limamin unguwa, a can aka tsaya a kan sharaɗi. Zai ci gaba da su, wato kamun kifi, amma duk ranar da aka dawo da shi gaɓa a jirgin wani, ko aka jawo jirginsa da igiya, ranar ya gama da ruwa, zai tattara ya bi ɗansa. Ɗan Azumi ya ce ya yarda. Kowa a bakin tafki ya san da wannan magana, kuma kowa ya san Ɗan Azumi, duk taurin kansa, ba ya warware abin da ya faɗa a gaban liman.

Wanda bai tashi cikin masunta ba zai ce to mene ne, ai hutu aka nema masa. A wurinsu ba haka ba ne. Wanda ya bar ruwa da kansa ana cewa ya huta, ana zuwa gidansa neman shawara. Wanda aka jawo kuwa, wanda aka jawo za a riƙa ce masa har ya koma ga Allah, ko da a bayan idonsa ne. Ɗan Azumi ya fi tsoron wannan suna a kan nutsewa.

Da aka rufe su a shekarar, yadda ake yi don kifi ya samu ya hayayyafa, Yahaya ya so ya faranta wa mahaifinsa rai bayan rigimar da aka sha. Mutumin kirki ne, ina so a riƙe wannan. Ya ga jirgin tsohon yana zaune cikin ruwa gansakuka ta kama shi, ya ji tausayinsa yadda zai ji tausayin motarsa in an bar ta cikin laka. Ya ɗauko amalanke ya kai jirgin gida, ya ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin rumfar kwano. Direba ne, abin da ya sani ke nan na kula da abin hawa, a ɗaga shi daga ƙasa, a raba shi da laima. Jirgin ya yi watanni yana gasuwa a ƙarƙashin kwano, haɗinsa ya buɗe. Da aka kusa buɗe su Yahaya ya dawo ya sa aka kankare shi, aka shafa masa shuɗin fenti mai kauri, har aka rubuta sunan tsohon a gefe. Fentin ya rufe ɓarakar, ba mai ganinta.

Ɗan Azumi ya san abin da ke faruwa, ya fi kowa sani. Amma wannan ne karo na farko da ɗansa ya taɓa jirgin da hannunsa ba don ya raba shi da shi ba, sai ya kasa buɗe baki ya ce ka yi kuskure. Kuma nutsar da jirgin cikin laka da duwatsu zai ɓata fentin tun kafin Yahaya ya gan shi a kan ruwa. Ya yi shiru, ya lallashi kansa da cewa tsohon jirgi ne, ya san ruwa, zai kumbura a hanya.

Ranar buɗe su ina wurin, na zo daga Maraɗi in taya Hasiya aiki. Rana ce da kifi ya fi na kowace rana yawa, masunci yana jiranta yadda manomi yake jiran ruwan shuka. Illo ma yana da ɗan jirginsa da ragarsa, kuma ita ce ranar da yake barin gindin tsamiya ya shiga ruwa ya samo wa gidansa rabonsa. Hasiya ta tara itace, ta gyara murhu tun kafin ranar.

Sai ga amalanke ɗauke da jirgin Ɗan Azumi yana walƙiya, Yahaya yana biye yana murmushi. Mutane suka kewaye ana yabawa. Illo ya matso ya ƙwanƙwasa, na ga fuskarsa ta canza. Ya ja abokinsa gefe, amma ina kusa, na ji su.

"Jirgin ga bai sha ruwa ba," in ji Illo.

"Zai sha a hanya."

"Ɗan Azumi, ka san ba shi sha a hanya. Bar shi nan shi kwana cikin ruwa, ka shigo nawa mu tahi tare."

"In shiga jirgin wani yaron ga na kallo? Ka manta abin da anka yi gaban liman?"

Illo ya dubi Yahaya, ya dubi jirgin. Wannan fa shi ne mutumin da ya sauke mata ranar kasuwa bai ji kunyar kowa ba. Na zaci zai riƙe bakin jirgin, amma bai riƙe ba. Ya koma gindin tsamiya ya ɗauko buhun kayan aikinsa ya jefa cikin nasa jirgin a kan raga. Hasiya ta ce, "Malam, da guduma za ka kama kihin?" Ya tura jirginsa ya shiga.

Abin da ya faru a tsakiyar ruwa daga bakin Ɗan Azumi na ji shi, don Illo in ka tambaye shi sai ya ce ba abin da ya faru. Ɗan Azumi ya ce tun bai yi nisa ba ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ya zuba ragarsa yana kwalfe ruwa da ƙwarya, yana cewa yanzu zai matse. Da hantsi ya ɗaga fentin ya fara tsagewa yana bin haɗi, ruwa yana shigowa ta ko'ina, ƙwarya ta kasa. Ruwa ya kai masa ƙwauri. Akwai jiragen da in ya ɗaga murya za su ji, amma duk wanda ya zo da igiya zai zo, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Sai tsohon nan ya ja bakinsa ya ci gaba da kwalfa, kansa yana sarawa.

Illo yana can nesa kaɗan. Ya zuba ragarsa a inda babu mai hankalin da zai zuba ranar buɗe su, don kawai shuɗin jirgin ya kasance a idonsa. Da ya ga ƙwarya tana tashi ba tsayawa, ya bar ragar cikin ruwa ya tuƙo. Yana isowa ya ɗauko igiya, don abin da hannu ya saba ke nan.

"Kak ka ɗaura," in ji Ɗan Azumi.

"Ruwa ya kusa cin ka."

"Na gani. Illo, in ka ɗaura igiyar ga, ka kai ni Ɗan Issa ke nan. Can zan zamna bakin hanya ina kallon motoci har in mutu."

Ɗan Azumi ya ce Illo ya daɗe yana kallonsa da igiya a hannu. Sannan ya naɗe ta ya ajiye kusa da ƙafarsa.

"Kana iya kai shi bagaruwan can?"

"Ina iyawa."

"To tuƙa da hannunka, ni ba ni jan ka. Miƙo ƙwaryar."

Akwai wani wuri da bagaruwa suke tsaye cikin ruwa, ƙasan wurin tudu ne, ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba. Illo ya jera jirginsa da na abokinsa, ya tuƙa kaɗan, ya miƙa hannu ya kwalfe kaɗan, da ƙyar suka kai. Ya sa tsohon ya hau kututturen wata itaciya da ta faɗi ya zauna a inuwa. Shi kuma ya ɗaure nasa jirgin, ya shiga ruwa, ya ƙarasa nutsar da na Ɗan Azumi da gangan don katakon ya fara sha. Babu wuta a tsakiyar tafki, saboda haka babu zancen kwalta, kuma babu tudun da za a kife jirgi. Sai aiki da lalube. Ya ja numfashi ya nutsa, ya bi haɗi da yatsa, ya kankare fenti, ya tura tsumma, ya taso ya sha iska, ya koma. Guduma ba ta da ƙarfi a cikin ruwa, da tafin hannu da nauyin kafaɗa yake danna ƙarfen. Lokacin furfura ta riga ta gama cin kansa.

Tsumman da ya zo da shi ya ƙare, haɗi bai ƙare ba. Ɗan Azumi ya cire rigarsa ya miƙa masa. Illo ya murza ta ya mayar, ta roba ce, Yahaya ya sayo masa. Sai ya tuɓe tasa, tsohuwar taguwar auduga, ya yayyaga ta ya ƙarasa aikin. Daga nan sai jira, don tsumma da katako ba a gaggauta su. A nan suka yi azahar, ɗaya a kan kututture, ɗaya a cikin jirginsa. Daga nesa suna jin hayaniyar masunta ana jan kifi. Ɗan Azumi ya ce masa ya je ya duba ragarsa, kifin da ta kama zai mutu ya lalace a ruwan zafi. Illo ya ce ragar ba inda za ta, ya gyara zama.

Da rana ta karkata suka tayar da jirgin suka kwalfe shi, Illo ya buga gwangwani a inda ya fi rauni. Yana tsattsafo kaɗan, daidai abin da ƙwarya za ta iya. Ɗan Azumi ya hau, ya ɗauki filafilin tuƙi, ya je ya ja ragarsa da kansa, ya kamo hanyar gaɓa. Illo bai je ga tasa ragar ba. Ya bi shi a baya, ya bar tazara mai yawa don kada wani ya ce tare suka zo, amma bai bari ta wuce inda zai iya cim masa ba.

A gaɓa kuwa hankali ya fara tashi. Jirage sun dawo da kifi, sun koma, sun sake dawowa, babu shuɗin jirgi. Ranar idon kowa yana kan ragarsa, babu wanda ya lura da abin da ake yi cikin bagaruwa. Yahaya yana ta kai da kawo, ya riga ya roƙi wani mai jirgi su fita nema. Suna shirin tashi sai ga tsohon ya ɓullo yana tuƙi a hankali, shi kaɗai, fenti ya yi dabbare-dabbare, tsumma yana leƙowa ta haɗi. Ya iso ya sauko da ƙafarsa, ya ɗaure jirginsa, ya miƙa mini ɗan kifin da ya samu ya ce in kai wa Hasiya. Can sai ga Illo, ba riga, ba raga, ba kifi, idanunsa jajur, yatsunsa sun yi fari sun tsattsage.

Yahaya ya tare shi. Ya russuna yadda ya kamata.

"Baba Illo, don Allah hwaɗa mani gaskiya. Jawo shi anka yi?"

"Ka ga igiya?"

"Ban gani ba."

"Babu ta. Shi ya kai kanshi, shi ya maido kanshi. Jirgin ne ya buɗe na toshe, aikina ne. Taho ka gani."

Ya kama hannun Yahaya ya ɗora yatsansa a kan haɗin, ya bi da shi tun daga gaba har baya. Ya yi masa bayanin rumfar kwano da abin da ta yi wa katako, murya ƙasa-ƙasa yadda na kusa kaɗai za su ji. Bai ɓoye masa komai ba, har ruwan da ya kai ƙwauri. Yahaya ya tsaya yana kallon fentinsa, hawaye suka zubo masa, babban mutum mai iyali.

"Ashe ni na kusa kashe shi," in ji shi.

"Kai ba ka sani ba," in ji Illo. "Shi da ya sani ya yi shiru, shi za ka tambaya."

Ɗan Azumi ya juyo ya ce, "To mi? Fentin ya yi kyau. Baɗi ma shi nike so, sai dai a bakin ruwa za a yi shi."

Mutane suka yi dariya. Ni ban iya ba. Sharaɗi bai karye ba, Yahaya ya san haka, kuma bai nemi ya murɗa shi ba. Ya koma Ɗan Issa shi kaɗai.

Hasiya kuwa ranar murhunta bai ga wuta ba sai don 'yan kifin Ɗan Azumi. Ta dubi mijinta sama da ƙasa ta ce, "Mazan mutane sun tahi da riga sun komo da kihi. Nawa ya komo ba kihi, rigar ma ya baro ta." Ta faɗi haka ne tana ɗora ruwan da za ta gasa masa jiki. Ragarsa sai washegari ya ciro ta, kifin ya ruɓe sai zubarwa. Hasiya ce ta gaya mini cewa tun daga ranar kafaɗar nan ta fara yi masa ciwo, shi bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Akwai waɗanda suka ce Illo ya yi ganganci. Tsoho mai hawan jini, jirgi yana nutsewa, ai ɗaurewa ake yi a jawo, zancen suna ya biyo baya. Ban ce ba su da hujja ba. Da jiri ya ɗebi Ɗan Azumi a kan kututturen nan, da yau wani rubutun nake yi ba wannan ba. Amma masu wannan magana a gaɓa suka yi ta, kwandunansu cike da kifi. Illo bai bar abokinsa ga sa'a ba. Ya bi shi da kayan aiki tun safe, ya ajiye igiyar inda hannunsa zai kai in abin ya ƙi, ya ƙarar da ranar da ta fi kowace rana amfani a shekararsa yana tsaye cikin ruwa. Jawowa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Da ya jawo shi, da ya gama kafin azahar ya koma ga ragarsa, kuma da kowa ya yaba masa. Ya ɗauki mai wuyar ne saboda ya san abin da abokinsa yake tsoron rasawa.

Baba Illo, na Hasiya, mai ɗinke jirgi. Kai ne ka riƙe bakin jirgi ranar da riƙewa ita ce daidai, mata suna zaginka ba ka saki ba. Kai ne kuma ka naɗe igiya ranar da ɗaurawa za ta karya mutum. Ni ban san yadda kake bambance su ba, kuma na san in na tambaye ka sai ka ce ba komai. Na dai ga mutane da yawa masu son taimako, ni ma ina cikinsu, da muke yin abin da ya fi saurin sauke mana nauyi, mu tafi muna jin daɗin kanmu, wanda muka taimaka wa kuwa ya kasa haɗa ido da mu har abada. Ina roƙon matasan da suke bakin tafkin nan yanzu, da duk wanda ya karanta wannan, in abokinka ya shiga matsala ka je da wuri, ka je da kayan aikinka, kuma kafin ka miƙa hannu ka saurari abin da yake cewa kada a yi masa.

Ɗan Azumi ya ƙara wasu shekaru a ruwa. Wata rana da la'asar ya dawo, ya wanke ragarsa ya shanya, ya miƙa wa ɗan ƙanensa filafili, ya ce wa na kusa da shi ya gama. Babu wanda ya sa shi. Shi da kansa ya kira Yahaya a waya ya ce a zo a ɗauke shi. Yanzu yana Ɗan Issa jikoki sun kewaye shi, masunta suna cewa Ɗan Azumi ya huta, kuma in abu ya shige musu duhu a ruwa har can suke aika masa tambaya. Lokaci-lokaci yakan hau mota ya zo ya wuni wurin Illo, su zauna a ƙofar gida, shi yana ta zuba, Illo yana gyaɗa kai.

Da na je wurin Ɗan Azumi saboda wannan rubutu, bayan ya gama ba ni labarin, na tambaye shi me yake so in faɗa wa mutane game da abokinsa. Na zaci zai yi wata zolayar yadda ya saba. Sai ya ce:

"Ɗiyata, ki ce tun ran nan har yau muna zama muna tashi, ko sau guda bai taɓa tada mani zancen ba. Ni ko duk ran da na gan shi sai na tuna."

To, Baba Illo, ni na tayar da zancen, ka yi haƙuri da 'yarka. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Mun gode.